Tagar da Na Rufe a Jarwal

Aikin rediyo ya koya mini sauraren ɗaki kafin sauraren mutum. In na shiga wuri, kunnena kan fara zuwa kan fanka, da firji, da ƙofar da ba ta rufuwa sosai, sannan ya dawo kan mai gaishe ni. Shekara goma sha ɗaya na yi a haka kafin in bar aikin, kuma har yau halin bai bar ni ba.

A cikin waɗannan shekaru akwai wani yammaci da aka tura ni Jos in ɗauko taron waƙa a wata babbar majami'a. Mawaƙan maza da mata ne, cikin riguna iri ɗaya, kuma duk waƙoƙin ranar a kan halittar Ubangiji suke: ruwan sama, da dazukan da ake sarewa, da kududdufan da masu haƙar kuza suka bari a bayan gari. Ni Musulmi ne, aiki ne ya kai ni, don haka na zauna daga gefe da na'urata. Tsarin wurin ya kama ni ƙwarai. Kowace murya da gurbinta. Da mai jagora ya ɗaga hannu, jama'ar da ta cika wurin ta yi tsit, mai tari ma sai ya haƙura har a kai ƙarshen waƙa. Rufin yana da tsawo, yakan riƙe sauti ɗan lokaci ya sake shi a hankali. Ban taɓa komawa ofis da ɗauka mai tsafta irin ta ranar ba. Tun daga nan na ɗauka cewa girmama waƙar ibada shi ne a yi mata shiru.

Da wannan ra'ayi na isa Makka, a farkon shekarun dubu biyu da goma sha. Na sami aikin tafinta a wurin masu saukar da alhazai a Aziziyya. Lokacin aikin Hajji ba ni da numfashi, in an watse kuma sai unguwar ta zama kamar kasuwar da ta tashi, benaye a kulle, motocin safa a jere ba direba. A irin wannan lokacin ne wani tela abokina, mutumin Zariya, ya ce in raka shi unguwar Jarwal ranar Juma'a bayan la'asar, in ji abin da rediyo ba ta taɓa ji ba.

Gidan tsohon bene ne mai hawa huɗu, a wani lungu da mota ba ta shiga. Mai gidan dattijo ne da kowa ke ce wa Baba, mai sayar da turare da asuwaki a wani ɗan shago kusa da nan. Iyayensa daga ƙasar Kano suka taso da ƙafa, suka ratsa Chadi da Sudan, suna tsayawa su yi noma ko ƙodago su ƙara gaba, har suka iso bayan shekaru. Hausarsa tana nan daram, sai dai ta sha Larabcin Hijaz. Ba ya cewa to, sai ɗayyib.

Majalisarsa tana hawa na biyu. Mutum kamar ashirin kan taru, teloli, direbobi, ɗaliban ilimi daga Sakkwato da Katsina, da 'ya'yan gidan waɗanda aka haifa a can, masu gaishe ka da Hausa su ƙarasa zancen da Larabci. A sha shayi da na'ana'a, a ci dabino, sannan Baba ya gyara zama ya fara. Ba ganga, ba tafi, sai dai wani ya riƙa buga gwiwarsa da tafin hannu.

Waƙar ta mahaifinsa ce, sukan ce mata waƙar rijiyoyi. Kowane baiti rijiya ɗaya ce ko itace ɗaya da ayarin ya huta a wurinsa, a jere yadda hanya ta zo da su. Ana gode wa Allah da ya ajiye su a nan, ana yi wa waɗanda suka haƙa ko suka dasa addu'a, ana kuma jan kunnen mai sare itacen bakin rijiya, da mai wanki a bakinta, da mai tafiya da igiyar guga. Akwai baitin da ke magana a kan kukokin yammacin Sudan da ake rarake cikinsu a tara ruwan damina, matafiyi ya sha da rani. Bayan kowane baiti sai kowa ya amsa:

Wanda ya haƙa, Allah ba shi inuwa,
Wanda ya dasa, Allah shayar da shi.

Na so wannan amshi tun ranar farko, saboda yadda ya roƙa wa mai rijiya inuwa, ya roƙa wa mai itace ruwa. Amma yadda suke yin sa ya dame ni. Ƙarfi suke sa masa fiye da kima, musamman wajen ƙarshe, kowa da nasa sautin, har wani direba mai muryar jaki yakan rufe sauran. Ga tagar da Baba ke zama a ƙarƙashinta kullum a buɗe. Tagar ba titi take kallo ba, manwar take kallo, wato wani siririn rami da ake bari a tsakiyar irin waɗannan gidaje daga rufi har ƙasa don iska da haske. Kicin ɗin gidan yana hawan ƙasa da mu, tagarsa ma a cikin manwar ɗin take. Don haka duk ƙarar ludayi da murfin tukunya a cikin majalisa suke sauka. Akwai kuma ɗigar ruwa, ɗis, ɗis, ba tsayawa. Da na leƙa na ga gwangwanayen madara ne aka jera a ƙasa suna tarar ruwan da ke zuba daga na'urorin sanyaya ɗaki. Aka ce mini yayar Baba ce ke tarawa, tana ba wata 'yar darbejiya da ta shuka a cikin garwa. Irinta kuwa daga Arfa ta tsinto shi, inda darbejiya ta yi layi kamar a titin Kano.

Na yi kusan shekara biyu ina zuwa. Wani lokaci nakan ajiye wayata a kan darduma in ɗauka don kaina, ba da wata niyya ba.

Sai wata Juma'a muka tarar an rubuta lamba da jan fenti a jikin bangon gidan. Ba wanda ya tambayi ma'anarta, domin lungunan da ke gaba da mu sun riga sun zama fili. An ba su wa'adi. Baba zai koma wurin ɗansa a Aziziyya, yayarsa kuma wurin 'yarta a unguwar Kudai. Bayan an sha shayi ya kira ni gefe ya ce ya ji ni ɗan rediyo ne na gaske, ba na baka ba. Jikokinsa ba sa riƙe Hausa, waƙar kuma ba a taɓa rubuta ta ba. Yana so in ɗauke ta cif, daga rijiyar farko har Zamzam, kafin a watse. Juma'a biyu suka rage.

Na ɗauki abin da muhimmanci. Na aro na'ura mai kyau da makirfo biyu. Ranar Juma'ar farko na zo da wuri na tsara ɗakin yadda na gani a Jos. Na zaɓi mutum shida masu daɗin murya na ce su kaɗai za su yi amshi, kuma a hankali, kada su danne Baba. Sauran na roƙe su su saurara kawai. Direban nan ya tambaye ni ko an yarda ya yi numfashi, aka yi dariya, na ce an yarda amma ta hanci. Na kashe na'urar sanyi. Daga ƙarshe na miƙa hannu ta saman kan Baba na ja tagar na rufe, na sa sakata.

Na lura ɗakin ya yi wani irin shiru a lokacin, na kuma lura tela abokina ya buɗe baki ya mayar ya rufe. Na ɗauka girmamawa ce.

Baba ya fara da kyau. Muryarsa ta fito fes a kunnena, ba ludayi, ba ɗigar ruwa. Baiti biyar ya yi ba tangarɗa. Bayan amshi na biyar sai ya tsaya. Mutum shida suka sake amshin don su ba shi lokaci. Ya kama wani baiti, amma na bakin teku ne, alhali ayarin bai ko fita Chadi ba. Ya ji da kansa, ya katse, ya koma baya, ya maimaita wanda ya riga ya yi. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Ya sake gwadawa sau biyu, sannan ya ɗora hannuwansa a kan gwiwa ya ce tsufa ya zo, a yi haƙuri, a kawo shayi. Ba wanda ya dube shi, ba kuma wanda ya dube ni. Aka tashi tun kafin magariba, abin da ba a taɓa yi ba.

A hanya na tambayi tela ko Baba ba shi da lafiya ne. Ya ce lafiyarsa ƙalau. Na ce to me ya faru? Ya ce shi ɗinki ya sani, sauti kuma aikina ne, in je in saurara.

Washegari da hantsi na zauna na sa abin ji a kunne, na buɗe tsofaffin abubuwan da na ɗauka da waya. Niyyata in rubuta jerin baitocin a takarda in kai wa Baba ya riƙa dubawa. A na uku ne na ji ta. Can ƙarƙashin amshi, daidai inda mazan ke ƙara ƙarfi, akwai muryar mace, siririya, daga nesa, tana faɗar kalma ɗaya. Tsamiya. Baba ya shiga baitin tsamiya. Na matsa gaba. Amshi ya zo, murya ta ce kukar ruwa, Baba ya shiga baitin kuka. Na bi waƙar har ƙarshe, ba baitin da ba ta riga shi ba. Wani lokaci da ƙarar murfin tukunya take haɗa kalmar, kamar mai magana da kanta a bakin aiki.

Na cire abin jin. Shekara biyu ina jin haushin direban nan, ashe shi ne ya fi kowa aiki a ɗakin.

Na koma Jarwal ranar Lahadi, lokacin da na san Baba yana shago. Na yi sallama a ƙofar kicin, inda labule ke rataye, na ce ina son gaida Inna, yayar Baba. Aka ce in zauna a kan matakala. Ban taɓa ganin fuskarta ba, ko a ranar. Ƙafafunta kawai na gani ta ƙarƙashin labule, da lalle ya ci ya zama baƙi.

"Kai ne ɗan rediyon da ya rufe mini taga?"

"Ni ne, Inna. Ban sani ba."

"Ai sai mai ilimi. Jahili zafi kaɗai ya isa ya hana shi rufe taga a garin nan."

Na ba ta haƙuri. Ta ce ba ita zan ba haƙuri ba, kuma wanda ya kamata in ba, in na ba shi na ƙara masa ciwo. Sannan ta ba ni labarin, tana yi tana tsintar shinkafa, ina jin tsakuwa na faɗawa cikin kwano. Tana da shekara kamar bakwai aka taso da ita daga gida. Duk rijiyar da ke cikin waƙar ta sha ruwanta, wasu ma ta ja guga a cikinsu. Baba kuwa a Sudan aka haife shi, a goye ya ƙarasa.

"Shi murya Allah ya ba shi," in ji ta. "Hanya kuwa a ƙafata take."

Ta ce da ƙuruciyarsa ba ya bukatar kowa, ya riƙe jerin kamar yadda mahaifinsu ya bari. Shekara goma da suka wuce ne ya fara sa rijiyar Abeshe a inda ba nan take ba. Wata Juma'a tana kicin ta ji ya tsaya, bakinta ya suɓuce ta faɗi sunan rijiyar, ya kama. Mako na gaba ya matsar da shimfiɗarsa ƙarƙashin taga. Mazan da suka gane sai suka riƙa ɗaga murya a daidai wurin. Daga ita har shi har su, ba wanda ya taɓa ɗaga zancen, ko sau ɗaya. Ta ce in na kuskura na nuna masa na sani, ko na kai masa takarda, to kada in sake hawa matakalar nan, ko da yake ma matakalar ba ta da sauran kwana.

Na tambaye ta ko ta yarda muryarta ta shiga cikin abin da zan ɗauka. Tsakuwa biyu suka faɗa kwano. Ta ce kada in kawo mata ƙarfen nan kicin, muryarta ba ta zuwa yawo. Amma in ta hau manwar da kanta ta shiga, ita ba za ta bi ta ta dawo da ita ba.

Daga nan na wuce shago. Na sami Baba yana ɗaure asuwaki goma goma. Na ce masa laifin ranar nawa ne, na saurari abin da na ɗauka na ga ɗakin ya mutu da na rufe taga, sauti yana son iska, kuma amshin mutum shida bai cika na'ura ba, sai an sa kowa. Duk abin da na faɗa gaskiya ne a aikinmu, ko da yake ba ita ce gaskiyar da ta kawo ni ba. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Haka masana suka ce?"

"Haka suka ce, Baba."

"Ɗayyib. Mu bi masana."

Ya zaro asuwaki ɗaya mai kauri ya ba ni, ya ce in riƙa sa shi a baki in ina aiki, yana hana mutum yawan tsari.

Juma'ar ƙarshe gidan ya riga ya zama rabin kango. An naɗe dardumai, an kwashe matasan jingina da labulaye, an cire na'urar sanyi ta majalisa, sai ta hawan sama kaɗai ta rage tana ɗiga. Muka zauna a kan tabarmi. Mutane sun fi na kullum yawa, har kan matakala. Na ajiye makirfo ɗaya a tsakiya, na bar ɗayan a jaka. Tagar tana buɗe, ban ko kalle ta ba.

Da Baba ya fara sai na ji abin da ban zata ba. Bangon da ba komai a jikinsa ya riƙa riƙe sautin yana sakin sa a hankali, manwar ɗin kuma ya ɗauke shi ya kai sama ya dawo da shi. Rabona da jin ɗaki ya yi haka tun Jos. Sai dai akwai matsala. Gidan da ba kaya ba ya ɓoye komai, kalmar Inna ta farko ta hau fes, har na ga wani ɗalibi baƙo ya waiga yana neman inda ta fito. Direba ya gani shi ma. A amshi na biyu ya buɗe maƙogwaro iyakar ƙarfinsa, sauran suka bi shi. Na dubi allurar na'ura ta shige ja. A gidan rediyo da tuni na ɗaga hannu na tsayar. Na cire abin ji na ajiye, na shiga amshin da tawa muryar, wadda ba ta fi ta direba daɗi ba.

Muka ratsa Chadi. Muka sha a kukokin Sudan. Akwai baitin wata rijiya mai ruwan ɗaci da Inna ta jinkirta kafin ta faɗi sunanta, har muka maimaita amshi sau biyu, Baba yana jira idonsa a rufe, bai yi gaggawa ba. Ban san abin da ya faru a wannan rijiya ba, ban kuma tambaya ba. Muka isa Sawakin, muka haye teku, muka sauka Jidda. Baitin Zamzam ne kaɗai ba ta faɗa masa ba, shi ma bai jira ba. Yana rufe baki, ba a fi minti biyu ba, kiran magariba ya taso daga Harami. Baba ya shafa fuska ya ce a duba masa ko ƙarfen ya kama. Na ce ya kama duka. Daga ƙasa aka ji an rufe tukunya da ƙarfi, aka ce wa wata a kai wa mutanen nan ruwan alwala, kuma kada su zubar da rabi a ƙasa yadda suka saba.

Na yi wa 'ya'yan gidan kwafi, kowa da nasa. Ba a sake zaman Juma'a ba. An gwada sau ɗaya a Aziziyya, a wani falo mai kafet da tagogin gilashi, aka sha shayi aka yi hira aka tashi. Darbejiyar ta tafi Kudai a bayan wata ƙaramar motar kaya, tela ya ce ya ga an ɗaure garwar da igiya kamar akuya. Da na bi ta Jarwal bayan wata shida ban iya gane inda lungun yake ba.

Bayan na dawo gida, wata rana hali ya motsa. Na sa waƙar a kwamfuta na ce bari in ɗan share ta, in cire ɗigar ruwa da ƙarar ludayi kawai, in rage direba. Aikin awa ɗaya ne, kuma ya yi kyau. Da na saurara sai na ji Baba yana fita daga baiti yana shiga baiti shi kaɗai, ba kuskure, kamar mutumin da bai taɓa mantuwa ba. Kwamfutar ta ɗauki muryar Inna a matsayin hayaniya ta tafi da ita tare da ludayin.

Na goge wannan, na bar na asali. Shi nake saurare in Juma'a ta yi la'asar kuma ba ni da baƙo. Ɗigar tana nan daga farko har ƙarshe, kuma daga wajen baiti na ashirin sautinta yakan canja, saboda gwangwanin ya kusa cika.